Awon Matsin Jini a Manyan Jijiyoyin Yaron da Ke Kwance a Asibiti: Tambayoyi da Amsoshi

Duk wanda aka taɓa kwantar masa da yaro a sashen kulawa ta musamman ya san yadda ido ke kafewa a kan allon na'urar da ke saman gado. Lambobi suna hawa suna sauka, uwa tana kallo, gabanta na faɗuwa duk sanda ɗaya ta motsa. A cikinsu akwai wata 'yar ƙaramar lamba, sau da yawa ba ta kai goma ba, da haruffan CVP a gefenta, wato matsin jini a manyan jijiyoyin da ke dawo da jini zuciya. Iyaye na yawan tambaya a kanta, kuma ana yawan yi mata gurguwar fahimta, har a tsakanin sababbin ma'aikatan jinya. Tambayoyin nan wasu na iyaye ne, wasu na ɗaliban da suka fara aiki a gefen gadon yara.

Wannan awon daban yake da awon jinin da ake yi a damtse?

Daban yake ƙwarai. Jijiyoyin jini iri biyu ne. Akwai masu ɗauke jini daga zuciya su kai shi sassan jiki. Bangonsu na da kauri, su ne ake jin bugunsu a wuyan hannu, kuma matsin da ke cikinsu ake aunawa idan an ɗaura maɗauri a damtse an hura. A nan ne ake maganar hawan jini. Sai kuma masu dawo da jinin gida, waɗanda ake hango korensu a bayan hannu. Su bangonsu siriri ne, jini na tafiya a cikinsu a hankali, matsinsu kuwa kaɗan ne.

Duk waɗannan masu dawo da jini suna haɗuwa su zama manyan jijiyoyi biyu, ɗaya daga sama ɗaya daga ƙasa, su zuba a ɗakin sama na dama na zuciya. Matsin da ke bakin wannan ɗaki shi ne CVP. A jikin mai lafiya da ke numfashi da kansa yakan tsaya tsakanin 2 zuwa 6 a mmHg, ma'aunin da ake ƙirga matsin jini da shi, alhali na damtsen babba yakan kai 120 a sama, 80 a ƙasa. Saboda haka idan an ce muku lambar yaronku ta hau, ba cutar hawan jini ake nufi ba.

To me yake nuna wa likita?

Ku ɗauki zuciya kamar injin jan ruwa da ke zuƙa daga wani kwatami yana turawa gaba. Ruwan kwatamin zai yi ƙasa idan abin da ke shigowa ya ragu. Zai yi sama idan an zuba da yawa, zai kuma yi sama idan injin ya gaza, ko da ba a ƙara ko ɗigo ba. Haka lambar take: tana ɗauke da labarin yawan jinin da ke dawowa, da labarin ƙarfin ɓangaren dama na zuciya, an cakuɗa su wuri ɗaya. Ga kuma na uku, wato duk wani abu da ke danne zuciyar daga waje a cikin ƙirji, kamar iskar injin numfashi ko ruwan da ya taru a jakar zuciya. Lamba ɗaya ce, amma abubuwa uku ne ke juya ta, kuma ba ta faɗin wanne ne daga cikinsu ya motsa. Wannan aikin likita ne.

Kowane yaro da aka kwantar ake yi wa?

A'a. Mafi yawan yaran da ke asibiti ba sa buƙatarsa ko kaɗan. Ana yin sa ga wanda aka yi wa tiyatar zuciya ko wata babbar tiyata, da wanda cuta ta shiga jininsa har jijiyoyi suka saki, da mai mummunar ƙuna, da wanda zuciyarsa ko ƙodarsa ta gaza. Ana awon ne ta wani siririn bututu da ake zurawa cikin babbar jijiya, kuma sau da yawa ma ba don awon aka sa bututun ba. An sa shi ne don ba da magunguna masu ƙarfi da za su ƙona ƙaramar jijiya, ko abincin ruwa ta jini, ko don a huta da sukar yaro kullum wajen ɗibar jini. Tunda bututun na nan, sai a haɗa shi da na'ura a riƙa karanta matsin.

Yaya ake sa bututun, kuma a ina?

Wurare huɗu aka fi bi: jijiyar gefen wuya, wadda ke ƙarƙashin ƙashin da ya haɗa wuya da kafaɗa, ta gindin cinya, sai kuma jijiyar cibiya ga jaririn da aka haifa kwanan nan, domin a kwanakin farko takan kasance a buɗe. Akwai kuma wani dogon siririn bututu da ake zurawa ta jijiyar hannu har ya isa ƙirji.

Ana wanke fata da maganin kashe ƙwayoyin cuta, a lulluɓe yaron da ƙyalle mai tsabta, likita ya sa riga da safar hannu da takunkumi kamar zai yi tiyata. Inda akwai na'urar sikanin, da ita ake neman jijiyar, ido na ganin allura tana shiga, abin da ya rage kuskure sosai, musamman ga jariri mai jijiya kamar zare. Idan allura ta shiga, sai a zura wata siririyar waya mai laushi ta cikinta, a zare allurar, a bi wayar da bututun roba, sannan a zare wayar. Wani likitan hoto ɗan ƙasar Suwidin, Sven-Ivar Seldinger, shi ya fito da wannan dabara a 1953, kuma har yau ita ake bi a ko'ina. Kafin shi, a 1929, wani matashin likita a Jamus mai suna Werner Forssmann ya zura bututu ta jijiyar hannunsa da kansa har cikin zuciyarsa, ya je ya ɗauki hoton ƙirji don ya nuna abin zai yiwu mutum ya rayu. A 1956 aka ba shi kyautar Nobel tare da wasu likitoci biyu da suka ci gaba da aikin a Amurka.

Bayan an ɗinke bututun a fata an rufe da filasta, akan ɗauki hoton ƙirji a ga inda bakinsa ya tsaya. Ana so ya tsaya a babbar jijiya dab da ƙofar zuciya, kada ya kutsa ciki.

Yaron zai ji zafi?

Lokacin sawa ana ba shi maganin barci ko na kwantar da jiki, a kuma kashe zafin wurin da allura. Da yawa ma suna ɗakin tiyata a sume ake sa musu. Awon kansa ba a jin sa sam.

Yaya ake karanta matsin?

Hanya biyu ce. Tsohuwar hanya ba ta buƙatar lantarki. Ana tsayar da siririn bututu mai ma'aunin santimita a jikin sandar ƙarin ruwa, a haɗa shi da famfo mai baki uku: ɗaya zuwa ledar ruwa, ɗaya zuwa ma'aunin, ɗaya zuwa yaron. A cika ma'aunin da ruwa, sannan a juya famfon ya zama tsakanin ma'aunin da yaron kawai. Ruwan zai riƙa sauka har ya tsaya a inda nauyinsa ya yi daidai da matsin jijiyar, yana ɗan rawa sama da ƙasa tare da numfashi. Wannan rawar ita ce shaidar cewa hanya a buɗe take. Idan ruwan ya tsaya cak, to bututun ya toshe ko ya lanƙwashe, kuma abin da aka karanta ba shi da amfani.

Sabuwar hanya kuwa wata 'yar na'ura ce mai jin matsi, wadda ke juya shi ya zama lamba da zane a allo, dare da rana. Ita mmHg take ƙirgawa, tsohuwar kuma santimitar ruwa. Kowace mmHg 1 daidai take da santimita 1.36 na ruwa, don haka 8 a wannan ba 8 ba ce a waccan. Ɗalibi ya riƙa rubuta ma'aunin a gefen lambar koyaushe.

Me ya sa nas ke ta gyara tsayin na'urar duk sanda aka motsa gado?

A nan ne awon ke gyaruwa ko ya lalace, kuma a ganina babu abin da ya kai shi muhimmanci a duk wannan bayani.

Ruwa yana da nauyi. Bututun da ya taso daga yaron zuwa na'urar cike yake da ruwa, saboda haka idan na'urar ta sauka ƙasa da zuciya, nauyin ruwan zai danne ta, ta nuna lamba sama da gaskiya. Idan ta hau sama da zuciya, sai ta nuna ƙasa da gaskiya. Dole ne ta zauna daidai da tsayin ɗakin dama na zuciya. Ana samun wurin ne a gefen ƙirji: a ƙirga haƙarƙari zuwa tsakanin na huɗu da na biyar, a bi har inda ya haɗu da layin da ya sauko daga tsakiyar hammata. Wasu ma'aikatan sukan yi wa wurin alama da alƙalami don kowa ya riƙa aunawa daga wuri ɗaya, kuma ɗabi'a ce mai kyau.

Ku duba lissafin. Kuskuren santimita 10 a tsayi, wanda bai kai tsawon tafin hannun babba ba, yana sauya lambar da fiye da mmHg 7. A awon damtse, inda ake maganar 100, bambancin 7 ba zai tayar da hankalin kowa ba. Amma a nan duk lafiyayyen awon bai wuce 6 ba. Yaron da matsinsa 4 ne zai iya bayyana da 11 don kawai an ɗaga gadon an manta da na'urar a ƙasa, a ɗauka ruwa ya yi masa yawa. Wanda nasa 11 ne zai iya bayyana da 4, a ƙara masa ruwan da zai cutar da shi. Shi ya sa nas ke dawowa da ma'aunin daidaito bayan an juya yaro, bayan an ɗaga kan gado, bayan an dawo daga ɗaukar hoto.

Akwai kuma saita sifili: a rufe ɓangaren yaron, a buɗe na'urar ga iskar ɗaki, a gaya mata cewa wannan shi ne sifili. Ana yin sa a farkon haɗawa, da lokacin karɓar aiki, da duk sanda lambar ta saɓa wa abin da ido ke gani. Kumfar iska a cikin bututu, da gudan jini a bakinsa, da ruwan da ake turawa da sauri ta hanya ɗaya da ake awo, duk suna ɓata karatu.

Lambar tana tsalle idan ya yi kuka ko tari. Akwai matsala?

Babu. Kuka da tari da yunƙuri duk suna ƙara matsi a cikin ƙirji na ɗan lokaci, lambar ta bi su ta hau, ta kuma sauko idan ya natsu. Ana karantawa ne yaro na kwance shiru, a ƙarshen fitar numfashi, lokacin da ƙirji ba ya ja ba ya turawa. Yaron da ke kan injin numfashi kuwa lambarsa kan zauna sama kaɗan da ta mai numfashi da kansa, domin injin tura iska yake yi da ƙarfi, kuma yakan bar ɗan matsi a huhu don kada ya rufe. Likita ya san da wannan, yana sa shi a lissafi.

Me ke sa ta sauka, me ke sa ta hau?

Takan sauka idan jini ko ruwan jiki ya ragu, kamar a zubar jini, ko gudawa da amai masu tsanani, ko ƙuna. Takan sauka kuma idan cuta ta sa jijiyoyi sun saki sun yi faɗi, jinin ya bazu ya kasa dawowa. Jariri ba shi da rarar da zai yi asara: jininsa kusan mililita 80 ne a kowane kilo, ke nan mai kilo 3 duk jininsa bai fi cikin kofi ɗaya ba.

Hawanta ya fi ba da tsoro. Ruwa ba ya tsami banza. Yana iya zama ƙarin ruwa ya yi yawa, ko ƙoda ta daina fitarwa, ko zuciya ta raunana, ko jijiyoyin huhu sun tsuke zuciyar dama na fama da turawa. Biyu daga cikin dalilan na gaggawa ne: iska ta fita daga huhu ta taru a ƙirji tana danne zuciya, ko jini ya taru a jakar zuciya, abin da ake tsoro bayan tiyata. Idan lambar ta hau farat ɗaya, bugun zuciya ya ƙaru, matsin damtse ya faɗi, ba a jira.

Matsin da ya daɗe a sama shi kansa cuta ne. Ƙoda da hanta da hanji suna buƙatar jini ya shiga ya kuma fita. Idan hanyar fita ta cunkushe, sai su kumbura, fitsari ya ragu.

Idan lambar ta yi ƙasa, ke nan a ƙara masa ruwa?

Shekaru da yawa haka aka koyar: a yi ta zuba ruwa har lambar ta kai wani adadi. Yanzu an dawo daga rakiyar wannan. A 2008 wani bita da ya tattara bincike 24 da aka yi a kan manya ya fito a mujallar Chest, ya nuna cewa lambar ita kaɗai ba ta iya faɗin wanda zuciyarsa za ta amfana da ƙarin ruwa. Binciken da aka yi a kan yara ma haka ya nuna. Yaro mai 5 zai iya zama ƙoshe da ruwa, mai 10 kuma zai iya zama yana buƙata.

Shi ma ruwan magani ne mai iyaka. A 2011 aka buga sakamakon gwajin FEAST, wanda aka yi a asibitoci a Yuganda da Kenya da Tanzaniya a kan yara 3,141 masu zazzaɓi mai tsanani da alamun raunin zagayawar jini. Cikin waɗanda aka tura wa ruwa da sauri, sama da kashi 10 cikin 100 suka rasu a awa 48, cikin waɗanda aka ba su a hankali kuwa kusan kashi 7. Sakamakon ya girgiza likitocin yara a duniya, domin kowa ya zaci akasin haka. A lura fa, ba a sa yara masu gudawa ko ƙuna ko tamowa mai tsanani a gwajin ba. Yaron da gudawa ta tsotse shi yana buƙatar ruwa, kuma da gaggawa.

To ina amfanin lambar? Amfaninta na cikin tafiyarta daga awa zuwa awa, da kuma yadda take amsa abin da aka yi. Idan an ba da ɗan ruwa ta yi tsalle sama amma yaron bai gyaru ba, zuciya na cewa ya isa. A ganina ta fi iya cewa a tsaya fiye da cewa a ƙara.

Labarin zuciya a tambayi fuska. Ƙwararren likita zai taɓa ƙafar yaron ya ji ɗumi ko sanyi. Zai danna fata ya saki ya ga ko jini ya dawo cikin daƙiƙa 2. Zai duba fitsari, wanda ake so ya kai kusan mililita 1 a kowane kilo a kowace awa. Zai duba ko yaron na gane uwarsa. Abin da ya sa ake dagewa a kan waɗannan shi ne jikin yaro na iya riƙe matsin damtsensa daidai har sai ya rasa kusan kashi ɗaya cikin uku na jininsa, sannan ya faɗi gaba ɗaya. Wanda ya zauna jiran allo ya makara.

Ba za a iya sanin matsin ba sai an sa bututu a wuya?

Ana iya kimantawa. A jikin babba ko yaro mai wayo, likita kan kishingiɗar da shi ya duba inda jijiyar wuya ta cika ta tsaya. A jariri wannan ba ya yiwuwa sosai, domin wuyansa gajere ne mai kitse, ga shi ba ya zama shiru. Sai a koma ga hanta. Idan jini ya cunkushe a bayan zuciya, hantar jariri kan kumbura ta sauko ƙasan haƙarƙari, kuma yatsu na iya bin saukowarta. Likitan da ke ba jariri ruwa yana shafa cikinsa lokaci zuwa lokaci, abin da yake nema ke nan.

Ana kuma haɗa na'urar da kanular da ke hannu ko ƙafa. Matsin can yakan fi na tsakiya da ɗan kaɗan, amma sukan hau su sauka tare, matuƙar kanular na gudana kuma babu abin da ya danne jijiyar a hanya. Ana gwadawa ta hanyar matse hannun a sama da kanular: idan lambar ta hau, hanya a buɗe take. Sikanin ma na nuna faɗin babbar jijiyar ciki da yadda zuciya ke matsawa. Ba na ganin dalilin huda wuyan yaro don neman wannan lamba kawai.

An yi wa ɗana tiyatar zuciya, lambarsa 13, amma likita ya ce babu komai. Yaya haka?

Ya danganta da irin tiyatar. Wasu yara ana haihuwarsu da ɗakin zuciya mai tura jini ɗaya tak mai aiki, maimakon biyu. A tiyatar da ake kira da sunan Francis Fontan, likitan Faransa da ya fara yin ta a 1968, ana haɗa manyan jijiyoyin kai tsaye da jijiyar huhu. Babu injin da zai tura jini ta huhu, matsin jijiyoyin ne kaɗai ke tura shi. Ga irin wannan yaro 10 zuwa 15 abu ne da aka saba gani, saukarta ƙasa sosai ma ita ce haɗari. Kada ku gwada lambar yaronku da ta yaron gadon kusa. Ku tambayi likitansa adadin da yake so ga shi wannan yaron.

Wane haɗari ke tattare da bututun?

Lokacin sawa, allura na iya taɓa huhu iska ta fita, ko ta huda jijiya mai bugawa, ko wayar ta taɓa zuciya bugunta ya rikice na ɗan lokaci. Bayan nan manyan abokan gaba biyu ne: ƙwayoyin cuta da gudan jini. Bututun ƙofa ce daga waje kai tsaye zuwa cikin jini, kuma duk kwanan da ya ƙara, haɗarin na ƙaruwa. Gudan jini ya fi samun ƙananan yara, domin bututun kan cika kusan duk faɗin jijiyarsu. Alamarsa kumburin ƙafa ko hannu ko fuska a ɓangaren da bututun yake. Idan kuma marfi ya kwance, iska na iya shiga ko jini ya zuba.

Me iyaye za su iya yi, kuma yaushe za a cire shi?

Ku wanke hannu kafin ku taɓa yaron, kada ku taɓa famfo ko marfi, ku kuma kula kada ɗan hannunsa ya kai ga bututun. Idan kun ga filasta ta jiƙe ko ta ɗago, ko wurin ya yi ja, ko ruwa na tsattsafowa, ko yaron ya kama rawar sanyi jim kaɗan bayan an tura magani, ku kira nas nan take. Idan kuna so ku ɗauke shi ko ku gyara masa kwanciya, ku faɗa tukuna, don a riƙe bututun a kuma sake daidaita na'urar. Kuna da damar tunatar da kowane ma'aikaci, cikin ladabi, ya wanke hannu ya goge bakin famfon kafin ya buɗe.

Tambaya ɗaya nake so ku riƙa yi a zagayen likitoci kowace safiya: har yanzu yana buƙatar wannan bututun? Su ma ƙa'idar aikinsu ce su yi wa kansu ita kullum. Na cibiya ba a so ya wuce mako biyu, sau da yawa ma ana cire shi tun kafin nan. Cirewa ba ta da wuya: a kwantar da yaron a miƙe, a warware ɗinkin, a zare a hankali, a danne wurin na wasu mintuna, sannan a rufe da filastar da iska ba ta ratsa ta. Ku ci gaba da duba wurin kwana biyu ko uku bayan nan, kuma idan zazzaɓi ya taso ku gaya wa likita cewa an cire bututu kwanan nan.